Nazarin Zaɓen Abokin Aure Yana Bukatar Idon Gida

Tun daga ƙarshen shekarun 1980 wani reshe na ilmin halayyar ɗan Adam ya yi ƙarfi a jami'o'in Turai da Amurka, har ya zama ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku suna rubuta kundayensu a kansa kowace shekara. Masu wannan ilmi suna neman sanin dalilin da ya sa namiji ko mace ke fifita wani a kan wani wajen aure, da asalin kishi, da abin da ke ɗaure zaman tare ko ya kwance shi, kuma suna bayyana dukkan wannan bisa ra'ayin juyin halitta. Tun da yake hukuncin da suke yankewa suna yanke shi ne a kan 'yan Adam baki ɗaya, har da mu, ya wajaba ɗalibanmu da ma'aikatan da ke tsara ba da kuɗin karatu su san inda maganar ta tsaya.

Tushen al'amarin yana cikin littafin da Charles Darwin ya buga a 1871, inda ya yi bayanin cewa gasar neman abokin haihuwa tana sauya siffofin halittu. A 1972 Robert Trivers ya ƙara da cewa jinsin da ya fi ɗaukar ɗawainiyar haihuwa shi ne zai fi tsantseni wajen zaɓe. Ga ɗan Adam kuwa mace ce ke ɗaukar ciki wata tara, sa'an nan ta shayar, saboda haka aka yi hasashen za ta fi duba halin namiji na ciyarwa da riƙo, shi kuma ya fi duba ƙuruciya da alamun lafiya.

Wanda ya fara auna wannan hasashe a faɗin duniya shi ne David Buss, lokacin yana Jami'ar Mishigan. A 1989 ya buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa mutum 10,047 daga al'ummomi 37 na ƙasashe 33, cikinsu har da Nijeriya da Zambiya. Ya tarar kusan ko'ina mata sun fi maza ba wadatar abokin aure muhimmanci, maza kuma sun fi son wadda suka girma da shekaru. Mazan Nijeriya da aka tambaya sun nemi ratar da ta wuce shekara 6, alhali kuwa matsakaiciyar ratar da mazan dukkan al'ummomin suka nema ba ta kai shekara 3 ba. A 2020 wasu masana suka sake irin wannan aiki a ƙasashe 45 da mutum 14,399, suka kuma sami makamancin wannan bambanci. Don haka ba daidai ba ne a yi watsi da aikin a ce tatsuniya ce.

To, amma akwai abin da masu yayata sakamakon sukan tsallake. Cikin binciken na Buss, maza da mata duka sun sa kirki da hankali a sahun gaba, sama da dukiya da kyau. Darajar da ake ba budurci kuwa ta bambanta ƙwarai da gaske: tana da girma a Sin da Indiya da Iran, ba ta da wani nauyi a Suwidin da Finlan. A 1999 Alice Eagly da Wendy Wood suka sake duba alƙaluman Buss ɗin, suka nuna cewa a ƙasashen da mata suka fi samun abin hannunsu da matsayi, bambancin da ke tsakanin abin da maza da mata ke nema yakan ragu. Watau tarbiyya da tattalin arziki suna da hannu dumu-dumu cikin abin da ake kira gadon halitta. Shi kansa Buss ya amsa cewa mutanen karkara da waɗanda ba su yi nisa a makaranta ba sun yi ƙaranci cikin waɗanda aka tambaya.

Wannan ƙaranci ciwo ne da ya kama ilmin halayyar ɗan Adam gaba ɗaya. A 2008 Jeffrey Arnett ya bincika manyan mujallun fannin ya ga kashi 68 cikin 100 na waɗanda ake gwaji a kansu Amurkawa ne. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka jawo hankali cewa kashi 96 cikin 100 sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. Bugu da ƙari, a 2015 wata ƙungiyar masana ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga, sai kimanin kashi 36 cikin 100 kaɗai suka ba da sakamako mai ƙarfi a karo na biyu. Haka nan Paul Eastwick da Eli Finkel sun nuna a 2008 cewa abin da matasa suka rubuta a takarda suna so bai yi daidai da wanda ransu ya kwanta da shi ba da suka haɗu ido da ido. Gani ya kori ji.

Mu a ganinmu, babban giɓin ya fi waɗannan zurfi. Takardar tambayar da aka tsara wa ɗalibin jami'a a Amurka ta ɗauka cewa saurayi da budurwa su kaɗai ke yanke shawarar aurensu. A 2007 Menelaos Apostolou ya nazarci bayanan al'ummomi 190 masu rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace, ya tarar a mafi yawansu iyaye ne ke shirya auren 'ya'yansu, musamman 'ya'ya mata. Mu kuwa ba mu bukatar a gaya mana wannan. Mun san waliyyi da sadaki da lefe da gara, mun san auren zumunci, mun san yadda ake tura manya su binciko asalin mai nema, da nauyin maganar gwaggo ko kawu ranar da aka zauna. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, cike yake da wannan shaida. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kusan kashi ɗaya bisa uku na matan aure suna zaune da kishiya. Duk ilmin da ke da'awar bayyana aure da kishi, amma bai auna irin waɗannan gidaje ba, haƙiƙa bai gama aikinsa ba.

Nan ne ɗalibinmu yake da abin da takwaransa na waje ba shi da shi, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da muke tsoro shi ne ya ɗauko takardar tambaya da aka tsara a wata nahiya, ya raba wa 'yan ajinsu da Turanci, ya tara amsoshi, a ba shi digiri, ba tare da an ƙaru da kome ba. Aikin da ya cancanci sunan bincike shi ne ya shiga birni da ƙauye, ya tambayi mutane da harshensu, ya saurari iyaye da 'ya'ya duka, ya nemi hanyar auna kunya da kara da mutunci da asali, waɗanda takardun baƙi ba su tanadar musu gurbi ba. Ya kuma kwatanta abin da mutane suka ce suna so da auren da aka ɗaura a zahiri. In sakamakonsa ya gaskata Buss, ya faɗa. In ya ƙaryata shi, ya faɗa, domin kowanne ribar ilmi ne.

Saboda haka muna kira ga malaman da ke duba kundayen ɗalibai da su nace kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa da hanyar lissafinsa ya ajiye kafin ya fita tattara amsoshi, kamar yadda masana da yawa suka koma yi bayan abin da ya bayyana a 2015. Muna kira ga asusun TETFund da hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi su fifita binciken da ke da kuɗin fita fili da fassara mai inganci. Wajibi ne kuma a kiyaye ƙa'idojin binciken lafiya da Nijeriya ta fitar a 2007, domin sirrin aure amana ne, kuma matar da ta faɗi damuwarta ga ɗalibi ba ta yarda a ji ta a unguwa ba.

Mun sani da yawa cikin masu karatunmu ba su yarda da bayanin Darwin game da asalin ɗan Adam ba, kuma wannan shafi ba zai raba wannan gardama ba. Amma ƙidayar abin da mutane ke nema ga abokin aure aiki ne da mai yarda da mai musu duka za su iya dubawa su ga ko daidai ne. Abin da ba za mu amince da shi ba shi ne a mai da alƙaluma hujjar zalunci, wani ya ci amanar iyalinsa ko ya yi wa 'yarsa auren dole ya ce halitta ce. Matsakaicin lissafi na dubban mutane ba ya ɗauke wa kowa alhakin abin da ya aikata a gidansa. Jami'an walwalar jama'a da alƙalai da malamai suna fama da rigingimun aure kullum, kuma suna bukatar sani tabbatacce game da mutanen da suke yi wa aiki. Ɗalibanmu ne ya kamata su samo musu shi.