Dokar Washington da Ƙofar Jibiya

A ranar 27 ga Afrilu, 1922 ba, 2022 nake nufi, wato kusan shekaru sittin da biyu bayan an ce mun sami 'yancin kai, majalisar wakilan Amurka ta amince da wani shirin doka na daƙile tasirin Rasha a nahiyar Afirka. Wakilai 415 suka goyi baya, 9 kacal suka ƙi. Shirin ya umarci ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta sa ido a kan take-taken Rasha a ƙasashenmu, ta kuma nemo hanyar hukunta gwamnatoci da jami'an Afirka masu ba ta hannu. Shugabannin ƙasashen kudancin Afirka suka yi tir da shi a taronsu na Kinshasa cikin Agustan shekarar, majalisar dattawan Amurka kuwa ba ta zartar da shi ba.

To, 'yan'uwa ɗalibai, shirin ya mutu, amma tunanin da ya haife shi yana nan da ransa, wato cewa Afirka fage ne da manyan ƙasashe ke kokawa a kai, mu kuma ciyawar fagen. Wanda yake son ganin inda ƙurar irin wannan kokawa take sauka, sai ya je Jibiya.

Layin da ya raba Jibiya da Maraɗi, Ingila da Faransa suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, kowace tana ƙoƙarin tare hanyar kishiyarta. Babu wanda ya shawarci Bakatsine, alhali sarautar Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ce ta kafa ta. Yau ma haka abin yake. Da sojoji suka kifar da Mohammed Bazoum a ranar 26 ga Yuli, 2023, sai ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarki. Ba dokar Amurka ce ta rufe ƙofar Magama ba, gwamnatinmu ce, a daidai lokacin da Faransa ke ƙarfafa gwiwar masu kiran a yi amfani da ƙarfin soja. Manyan motoci suka yi jerin gwano, kayan gwari suka lalace, 'yan dako da direbobi da masu sayar da abinci a tasha suka rasa abin kaiwa gida. Sai a Maris 2024 aka buɗe.

Amurka ma ta jawo nata dokokin. A Oktoban 2023 ta dakatar da mafi yawan taimakon da take bai wa Nijar, ta kuma cire ta daga tsarin ciniki na AGOA tun daga farkon 2024. Mene ne ya biyo baya? A Maris 2024 sojojin Yamai suka soke yarjejeniyar soja da ita, suna zargin wakilanta da neman zaɓa musu abokan hulɗa. A Afrilu masu horas da soja na Rasha suka sauka, a Agusta kuma Amurka ta kwashe nata-ya-nata daga sansanin Agadas. Masu tafi saboda zuwan Rasha, ina roƙonsu su dakata tukuna, domin ita ma ba don Allah ta zo ba, kuma ƙasar da ke da ma'adinin yuraniyom ba ta rasa masu zawarci.

A ganina, maganin dokar wasu shi ne mu yi tamu. Sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar, kuma mun ga yadda majalisar dattawanmu ta ƙi goyon bayan yaƙi da Nijar a Agustan 2023. Ya kamata a ɗora a kan wannan da doka bayyananniya: kada a kafa wa kowace ƙasa sansanin soja a Nijeriya, kada kuma a rufe iyaka fiye da ɗan ƙayyadadden lokaci, sai majalisa ta yi muhawara a bainar jama'a, ta saurari mutanen Jibiya da Illela da Maigatari.

Kada wani ya ce wannan ya fi ƙarfin ɗalibai. Zanga-zangar ɗalibai na cikin abin da ya tilasta wa gwamnatin Tafawa Ɓalewa soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a Janairun 1962. Ina kira ga majalisar ƙungiyarmu ta rubuta wannan buƙata, ta aika wa wakilan Jihar Katsina a Abuja kafin zangon karatu ya ƙare.