Zauren Uwargida: Ki San Mai Kiranki Tun Kafin Ki Ɗauki Waya

 

Kwanakin baya muna tsakiyar darasi a ajina na matan aure waya ta yi ƙara, sai ga mata huɗu sun kai hannu jaka lokaci guda, domin duk ƙarar da kamfani ya sa ce a wayoyinsu. Aka yi dariya aka wuce. Ba a rufa mako ba abin ya zo kaina. Ina girki waya tana ta ƙara a ɗaki, na ɗauka masu tallar nan ne da suka dame ni tun safe, na ƙyale ta. Ashe Hajiyarmu ce, jiki ya motsa mata, tana neman wanda zai kai ta asibiti. Kira biyar na tarar. Allah Ya taƙaita, ƙanena ya kai ta, amma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Tun ranar na ware mata ƙarar da babu mai irinta. Muryar 'yar autata na ɗauka tana cewa, "Umma, Hajiya ce, ki ɗauka!" Yanzu ko daka nake yi na san wannan kira ba na ƙyalewa ba ne.

Abin ba sabo ba ne. Waɗanda suka riƙe Nokia 3310 bayan zuwan GSM Najeriya a 2001 za su tuna yadda matasa ke danna lambobi su haɗa ɗan sautinsu. Yau ya fi haka sauƙi, ga kuma yadda ake yi idan akwai kwamfuta a gida.

Da farko a sa miki manhajar Audacity. Kyauta ce, tun shekarar 2000 ake amfani da ita wajen yanka sauti. Idan kin buɗe ta za ki ga jan maɓalli a sama. Ki danna shi, yaron ya yi maganarsa kusa da kwamfutar, sannan ki tsayar. In kuma sautin yana cikin kwamfutar tun da, sai ki shiga File ki zaɓi Open ki ɗauko shi.

Na biyu, sautin zai fito kamar zanen tsaunuka. Ki shafa wurin da ba kya so, ki goge, har ya rage abin da bai wuce daƙiƙa 30 ba, tunda kafin nan an ɗauki waya ko ta yanke. Sai ki koma File ki zaɓi Export, ki adana shi a matsayin MP3, ki ba shi suna mai sauƙi, misali "Hajiya".

Na uku, ki jona wayarki da kwamfutar ta igiyar USB. A nan mata da yawa ke cewa abin ya ƙi. Dalili biyu ne: ko dai igiyar ta caji ce kawai, ba ta ɗaukar saƙo, ko kuma ba ki ba wayar izini ba. Ki ja fuskar wayar daga sama, ki taɓa saƙon USB ɗin, ki zaɓi File transfer. Sunan wayarki zai bayyana a kwamfuta. Ki buɗe, ki nemi folda mai suna Ringtones, ki zuba sautin a ciki.

Na huɗu, ki cire igiya ki shiga Contacts, ki buɓe sunan wanda kike so, ki nemi inda aka rubuta Ringtone, ki zaɓi sabon sautin. Wannan hanyar ta masu Android ce, irin su Tecno, Infinix, Itel da Samsung, kodayake wurin rubutun yakan ɗan bambanta. Mai iPhone kuwa, a da sai an mayar da sautin m4r an tura ta iTunes, amma daga iOS 26 da ya fito a 2025, sautin da bai kai daƙiƙa 30 ba ana iya naɗa shi kai tsaye daga cikin Files.

Saura abu guda da ɗalibaina ke yawan tambayata: "Malama, in sa karatun Alƙur'ani mana, ai ya fi waƙa." Niyyar mai kyau ce, amma ki duba. Ƙarar waya an yi ta ne don a katse ta. Kina ɗauka kin yanke aya a tsakiya, alhali akwai ayoyin da ma'anarsu ba ta cika sai da na gabansu, kamar aya ta 4 a Suratul Ma'un da ba a fahimtarta daidai sai an haɗa da ta 5. Ga shi kuma waya ba ta zaɓen wurin da za ta yi ƙara, har banɗaki. Saboda irin waɗannan dalilai ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta hana hakan a zamanta na 2007, haka ma Muftin Masar na lokacin, Shaikh Ali Jumu'a, a 2010, inda ya haɗa har da kiran sallah. Ki bar karatun a cikin waya don saurare a natse, ki nemi wani sautin don kira.

Ki kuma tuna ba ke kaɗai ke jin ƙarar wayarki ba. Kafin ki sa wani sauti, ki tambayi kanki: idan ya tashi a gidan gaisuwa, ko a gaban surukai, zan iya ɗaga kai? In amsar a'a ce, ki canza.

Shawarata, kada ki wuce mutum uku ko huɗu: mahaifa, maigida, da makarantar yara. In suka yi yawa ke ma za ki rikice. Wadda ba ta saba da kwamfuta ba ta sa ɗanta ya zauna kusa da ita, amma ita za ta riƙa dannawa, don gobe ta yi da kanta.

Hajiya ta warware, alhamdu lillahi. Da ta ji muryar jikarta a wayata sai da ta sa aka kira ni sau uku tana dariya. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.