JARIDAR 'YAN MAKARANTA DA TARKON SHARI'A



Yaranmu na kwaleji da lise suna son buga jaridar kansu. Abu ne mai kyau, mu taimake su da takarda da tawada. Amma lalle a gaya musu tun da wuri, alƙali ba ya duban rigar makaranta. Abin da aka buga shi yake dubawa, da sunan wanda ya ɗauki nauyin bugawa. Saboda haka a sami baligi mai hankali ya zama darektan jarida, ya san kuwa shi za a fara kira.

To, ga inda tarkon yake. A 2010 Nijar ta yi dokar 'yan jarida wadda ta janye ɗauri a kan ɓata suna, ta bar tara. Sa'an nan a 2019 aka yi wata doka dabam ta laifuffukan intanet, ita kuwa da kaso a cikinta. A 2022 aka sassauta ta, a watan Yuni 2024 gwamnatin Janar Tiani ta mai da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 a kan labarin da aka ce zai ta da hankalin jama'a. Watau magana ɗaya, hukunci biyu. Yaro ya ɗauki hoton shafin jaridarsu ya tura a WhatsApp, ya fita daga inuwa ya shiga rana, shi bai sani ba. Wa ke buga abu yau bai tura ta waya ba?

Kada kuma wani ya ce ai kwafowa ya yi. A Janairu 2022 kotu a Yamai ta yanke wa Musa Aksar na jaridar L'Événement wata 2, da Samira Sabu wata 1, ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, don sun watsa rahoton wata ƙungiya ta Janeba a kan fataucin ƙwaya. Ba su suka rubuta shi ba. Ita Samira ɗin ta riga ta kwana a kaso daga Yuni zuwa ƙarshen Yuli 2020 a kan wani rubutu na Facebook, kafin kotu ta sallame ta. Waɗannan gogaggu ne masu lauya, balle ɗan aji uku.

Ba mu ce yara su yi shiru ba. In aji ba malami, ko rufin ɗaki na yoyo, a rubuta, da rana da wata. Amma kiran wani ɓarawon kuɗin makaranta ba da takardar shaida a hannu ba, wannan a tsai da shi, ko da duk kasuwar Magarya na faɗi. A je a ji ta bakin wanda ake zargi, a buga amsarsa.

Kowane reshe ya zaɓi mutum guda mai karatu ya riƙa duba shafi tare da yaran kafin a kai wurin bugu, ya kuma ajiye kwafi ɗaya na kowane fitowa tare da shaidunsa.