Shekarar da Ake Tsallakewa a Tarihin Zaɓen Birtaniya

Idan ana ba da tarihin zaɓe a Birtaniya, yawanci shekaru ake jerawa. A 1832 aka ƙwace kujeru daga kufai irin su Old Sarum aka bai wa garuruwan masana'antu kamar Manchester da Birmingham. A 1867 da 1884 ƙuri'a ta kai ga ma'aikatan birni, sannan na karkara. Mata suka shigo a 1918 da 1928, aka kuma sauko da shekarun zaɓe zuwa 18 a 1969. Jerin daidai ne, sai dai an tsallake shekarar da ta ba sauran ma'ana, wato 1911.

Kafin wannan shekara, duk ƙudurin da Majalisar Wakilai ta amince da shi sai ya bi ta Majalisar Dattawa, wadda akasarin 'yan cikinta gadon kujerunsu suka yi, kuma suna da ikon yin watsi da shi. Talaka yana zaɓen wakilinsa, amma ragamar tana hannun wanda babu wanda ya zaɓe shi.

A 1909 ministan kuɗi David Lloyd George ya kawo kasafin da ya ƙara wa masu filaye da attajirai haraji, domin biyan fanshon tsofaffi da ƙera jiragen ruwan yaƙi. Dattawan suka ƙi. Sai da aka yi babban zaɓe sau biyu a 1910, Sarki George na Biyar kuma ya yarda zai naɗa sababbin dattawa da za su rinjaye masu taurin kai, sannan suka saduda. Dokar 1911 ta hana su riƙe ƙudurin kuɗi fiye da wata guda. Sauran ƙudurori kuwa jinkirta su kawai za su iya, na shekara biyu, wanda aka rage zuwa ɗaya a 1949.

Masu kare majalisa ta biyu suna da hujja, domin rinjaye ma yakan yi gaggawa, kuma yana bukatar mai ja masa linzami. Amma mai jinkirtawa daban, mai hanawa daban. Na farko yana sa zaɓaɓɓu su sake tunani, na biyu yana soke abin da jama'a suka zaɓa.

Saboda haka duk ƙasar da ke alfahari da yawan masu ƙuri'arta, ya kamata ta duba tsarin mulkinta ta ga wa ke da maganar ƙarshe bayan an gama ƙidaya.