Fagen Ingilishi: Kama da wane ba wane ba ne

A wannan sati za mu ja kunnen ƴan kasuwa da ma'aikatanmu da suka yi lakwal da Faransanci, suke kuma rubuta takarda zuwa Kano ko Legas da Ingilishi. Akwai tarko a tsakanin harsunan nan biyu: kalmomi masu kama da juna a rubuce, amma ma'anarsu ta sha bamban.

Asalin abin tsoho ne. A shekarar 1066 William, sarkin Normandi ta ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a. Dubban kalmomi suka shiga Ingilishi, daga baya wasu suka canza ma'ana.

Ga misali. Wani ɗan kasuwa na Maraɗi yana son mai ba shi kaya ya ƙara masa wa'adin biya, sai ya rubuta « I demand a delay », yana nufin « je demande un délai ». Alhali « demander » roƙo ne, « demand » kuwa nema ne da ƙarfi, kamar na mai bin bashi. « Délai » wa'adi ne, « delay » kuwa jinkiri. Roƙo ya koma gadara, amana ta yi rauni. Da ya rubuta « I ask for more time », da an fahimce shi.

Haka nan « éventuellement » na nufin wataƙila, amma « eventually » na nufin daga ƙarshe abin zai faru. Wanda ya sa hannu a yarjejeniya cewa zai biya kuɗin mota « eventually », to ya ɗauki alkawari ne.

Ma'aikatan kuɗi su kula da lissafi: « billion » na Ingilishi miliyar ɗaya ne, na Faransanci kuwa miliyar dubu. Kuma 1,500 a takardar Nijeriya dubu ɗaya da ɗari biyar ne, ba ɗaya da rabi ba.

Saboda haka duk kalmar da ta yi muku kama da wadda kuka sani, ita za ku fara dubawa a ƙamus kafin ku sa hannu. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.