Tallafin Mai Ya Tafi, Ina Rabon Mai Noman Rani?

Ran 29 ga watan Mayu, 2023, ranar da aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, ya faɗa wa jama'a cewa tallafin fetur ya ƙare. Kafin mako ya kewayo, litar da Gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta wuce naira 500 a yawancin garuruwan Arewa. A watan Oktoba na 2024, ta kai naira 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja. Tun daga sa'an nan gardama ba ta kwanta ba, a kasuwa da tasha da ofis. Amma akwai mutum guda wanda ba a cika jin muryarsa cikin gardamar nan ba, shi ne mai noman rani, wanda ke tsugune bakin fadama da ɗan injinsa na ban ruwa.

Abin da ake nufi da tallafi

Tallafin mai rangwame ne. Watau Gwamnati ta sayo fetur da tsada, ta sayar wa jama'a da araha, ta cika gurbin daga baitulmali. An soma wannan tun cikin shekarun 1970, zamanin da kuɗin mai ya yi yawa. Da matatun Kaduna da Fatakwal da Warri suka daina aiki yadda ya kamata, sai aka koma fitar da ɗanyen mai waje, a sayo tataccensa da kuɗin ƙasashen waje. Nauyin kuwa ya yi ta ƙaruwa, har a 2022 kaɗai ya ci fiye da naira tiriliyan 4.

An sha gwada sauke kayan nan. A farkon Janairu na 2012 Gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ma'aikata suka yi yaji, gari ya tsaya cik, aka dawo naira 97. A 2016 Gwamnatin Muhammadu Buhari ta kai shi naira 145, amma ba a daɗe ba tallafi ya sake sulalowa ta bayan gida.

Yadda abin ya taɓa manomi

Dattawa sun san lokacin da jigo ne kaɗai abin ban ruwa. Mutum ya wuni yana ɗaga guga, lambun da zai iya shayarwa bai fi 'yan kwamai ba. Daga shekarun 1980, musamman da shirin Fadama na Bankin Duniya ya zo a farkon shekarun 1990, sai ƙaramin inji da rijiyar burtsatse suka bazu ko'ina, daga fadamar Hadeja har ta Sakkwato da Argungu. Albasa da tumatir da tattasai da shinkafa da alkama suka yawaita. Samari da yawa suka bar zuwa cin rani, gama sun sami abin yi a gida. Sai dai duk wannan arziki a kan fetur mai araha aka gina shi.

Ga misali don a gane. A ce manomi yana ƙona lita 5 kowane ban ruwa, sau biyu a mako, har mako 16. Ya ƙona lita 160 ke nan. Da lita tana naira 195, kuɗin mansa naira 31,200 ne. In ta kai naira 1,000, sai ya biya 160,000. Bai sayi taki ba, bai sayi iri ba, bai biya 'yan ƙodago ba. Kuma shi ba kamar direba ba ne, da zai ƙara wa fasinja kuɗin mota nan take. Mai tumatir ba shi da ta cewa ranar kasuwa. In kwanduna sun yi yawa, abin da dillali ya taya shi zai karɓa, in ya ƙi kaya su ruɓe.

Manoman Kadawa da Kura, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke gangaro musu ta hanyar kwalbati da lambatu, sun fi samun sauƙi. Amma yawancin masu noman rani ba su da irin wannan gata, injinsu shi ne madatsarsu.

Masu cewa a dawo da tallafi

Waɗansu suna cewa maganin abin shi ne a dawo da tallafi. Hujjarsu ita ce, ƙasar da Allah ya ba mai bai kamata talakanta ya saye shi da tsada ba, kuma wannan rangwame shi kaɗai ne abin da talaka ya taɓa gani da idonsa daga arzikin ƙasa. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, kuma wahalar da suke faɗi ba ƙarya ba ce.

Amma sai a duba wa ya fi shan romon. Attajiri mai mota huɗu da babban injin wuta a gida yana ƙona a mako abin da manomi ba zai ƙona a wata ba, don haka rabonsa na rangwame ya fi yawa. 'Yan fasa-ƙwauri kuma suna kwashe man zuwa Nijar da Binin da Kamaru, har ya sa a 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutumin ƙauye kuwa ko a zamanin tallafi ba safai yake samun mai a farashin Gwamnati ba. Wurin 'yan bumburutu yake saye a galan, da ƙari a kai. Ashe da sunansa ake yanka, wani ke cin naman.

Waɗansu kuma sun ce to, a ware wa manoma kaɗai fetur mai araha. Wanda ya san tarihin rabon takin zamani a ƙasar nan ya san ƙarshen wannan. Ranar da aka buɗe rajista, kowane ɗan siyasa da ɗan kwangila zai zama manomi. Fetur ba shi da shaida a goshi, wanda aka ba don lambu da safe, da yamma yana cikin tankin mota.

Masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta

Akwai kuma masu cewa kada Gwamnati ta tallafa wa kome, kowa tasa ta fisshe shi. Su ma sun yi kure. Janye tallafi bai ɓatar da kuɗin ba, wuri ya sake. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai tun 2023. Tun da daga aljihun talaka aka zaro kuɗin nan, yana da hakkin ya tambayi inda suka shiga. Rabon shinkafa da taliya kwana biyu ne. Abin da ake bukata shi ne abin da zai rage wa manomi tsadar noma shekara da shekaru.

Injin da rana ke turawa

Nan ne maganar injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda ake kira sola, ta shigo. Faranti ne ake shimfiɗawa a rana, su juya haske ya zama lantarki, lantarki ya tura famfo. Ba ya shan fetur, ba ya shan baƙin mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Lokacin da shuka ta fi jin ƙishi, watau tsakiyar rani, shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Farashin farantin nan a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma mai kyau yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki.

Bambancin tallafin biyu a fili yake. Na fetur kullum sai an biya, an ƙone shi ya bi iska. Na sola sau ɗaya ake biya, abin yana nan a gona ana gani, ana iya zuwa a ƙidaya. Matsalarsa guda ita ce kuɗin saye. Ya ninka na injin fetur sau da yawa, kuma faɗuwar naira tun Yuni 2023 ta ƙara masa tsada. Manomi yana iya sayen lita biyar yau, biyar gobe, amma ba shi da dunƙulallen kuɗi a hannu. Wannan gurbi shi ya kamata Gwamnati ta cika.

Ƙasar Indiya ta gwada. A 2019 ta fito da wani shiri mai suna KUSUM, inda Gwamnatin tsakiya ke biyan kashi 30 na kuɗin inji, jiha ta biya 30, manomi ya ɗauki 40, kuma yana iya karɓar bashin banki ya biya yawancin nasa. Ba a ce a kwaikwayi kome da kome ba, amma tsarin yana da ma'ana: kowa ya sa hannu a aljihu.

Inda za a yi hattara

Kada a ɗauka sola ba shi da aibu. Ba ya aiki da dare, sai an haɗa da batir, batir kuwa tsada gare shi. In hazo ya rufe a lokacin hunturu ƙarfinsa yakan ragu, kuma sai an riƙa goge ƙura daga faranti. Ɓarayi suna sonsa. Kasuwa cike take da na jabu. Makanikin injin fetur yana kowane ƙauye, mai gyaran sola kuwa sai birni.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani da ido. Wanda ba ya biyan kuɗin mai ba ya jin ciwon barin famfo yana zuba. A jihar Punjab ta Indiya an ba manoma lantarki kyauta, suka yi ta zuƙo ruwa har na ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, rijiyoyi suka ƙafe. Fadamun Arewa ba teku ba ne.

Har wa yau, rana ba za ta ja garmar tarakta ba, ba za ta kai albasa Legas ba, kuma takin yuriya da iskar gas ake yinsa. Mai zai daɗe ana bukatarsa. Ba cewa aka yi a jefar da shi ba, cewa aka yi a rage shi inda akwai madadi.

Abin da ya kamata

Na farko, kowace jiha ta bayyana nawa ta ware wa ban ruwa daga ƙarin kason da take samu, a buga a jarida kowa ya gani. Na biyu, kada a raba inji kyauta a filin taro. Abin da aka samu a banza ranar kasuwa ake sayar da shi. A ba da shi ta hannun jam'iyyun gama kai, manomi ya biya kashinsa bayan girbi cikin shekara biyu ko uku. Na uku, a sa sharaɗi ga 'yan kasuwar da za su kawo kaya: garanti a rubuce, da kayan gyara a kusa, da koya wa samarin ƙauye aikin. Na huɗu, malaman gona su riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyi kowace shekara. Na biyar, kada a hana shigo da faranti, ko a ɗora musu kuɗin fito mai nauyi, kafin masana'antun gida su iya wadata jama'a.

Manoma kuma kada su zauna jiran Gwamnati. Mutum biyar masu lambu kusa da juna suna iya yin adashi su sayi inji guda, su riƙa ban ruwa bi da bi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Attajiran da ke ba da bashin taki su duba, ba da hayar injin sola ciniki ne mai riba. Akawuna da ma'aikata kuwa su tuna, tsadar fetur a fadama ita ce tsadar cefane a birni.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin noman rani tun da damina ake yinsa. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya sa albarka a gonaki, amin.