Ana Zagaya Ikko Da Ƙafa, Wa Ke Ba Da Labarin Bahaushe?

Wata al'ada ta shigo birnin Ikko 'yan shekarun nan, wadda ya kamata mutanen Arewa mazauna Kudu su dube ta da idon basira. Ran Asabar ko Lahadi da safe, sa'ad da motoci suka yi sauƙi a tsibirin, sai a ga ayarin mutane, Turawa da 'yan ƙasa, suna bin wani ɗan jagora a ƙasa, suna tsayawa gaban tsofaffin gidaje yana yi musu bayani. Kuɗi suke biya, kuma ko wane zagaye da abin da ya sa gaba: wani gine-gine, wani tarihi, wani kuwa abinci zalla. Al'amarin daɗaɗɗe ne a biranen Turai, amma a nan sai yanzu yake kankama.

Mai tura kura a Idumota ko mai canji a titin Broad, in ya gan su zai ce waɗannan cikinsu ne ya cika, don wa zai biya kuɗi a gajiyar da shi da yawo cikin rana? Yana da gaskiyarsa, gama shi neman abinci ya kawo shi. To, amma abin da ake faɗa wa ayarin nan shi ne labarin waɗanda suka gina Ikko, kuma wanda ba a ambace shi cikin labarin ba, baƙo za a ci gaba da ɗaukarsa ko da kakansa a Agege aka binne shi.

Zagayen da ya fi tashe shi ne na Popo Aguda, watau unguwar mutanen da suka komo daga bauta a Barazil cikin ƙarni na 19. Su ne suka zo da ginin bene mai ado a ƙofa da taga. Ana nuna wa baƙi gidan iyalin Da Rocha a titin Kakawa, wanda ake kira Gidan Ruwa saboda rijiyar da aka riƙa sayar da ruwanta. Ana ba su labarin frejon, faten wake da ruwan kwakwa da Agudawa ke yi ranar Juma'ar da Kirista ke tunawa da gicciye. Ana kuma kai su masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda attajirin nan Muhammadu Shitta ya gina, wani magini Ba'aguda mai suna Da Costa ya tsara shi, aka buɗe shi a 1894. A wajen bukin ne wakilin Sarkin Santambul, wani Baturen Ingila Musulmi da ake kira Abdullahi Quilliam, ya kawo wa Shitta sarautar Bey. Duk wannan daidai ne, abin sha'awa ne kuma.

Abin da ba safai ake ƙarawa ba shi ne, cikin bayin da aka kai jihar Bahiya ta Barazil akwai Hausawa da yawa, galibinsu waɗanda yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 suka rutsa da su, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku. Ba su kuwa zauna shiru ba. A 1807 hukuma ta tono wani shirin tawaye na Hausawa a birnin Salvador, a 1814 suka tashi sosai, sa'an nan a watan Janairu na 1835, cikin azumi, aka yi babban tawayen Musulmi wanda Yarbawa suka fi yawa cikinsa, da Hausawa a tare da su. An sami layu da rubutun Arabiyya a jikin waɗanda aka kashe. Bayan wannan ne aka kori mutane da dama zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Ashe ke nan ɗan Arewa in ya shiga Popo Aguda, akwai nasa kaso cikin labarin, ko da yake bai sani ba.

Haka kuma maganar soja. A 1863 Kyaftin Glover, wanda ya riƙe mulkin Ikko, ya tara wasu 'yan Arewa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, ya ba su bindiga. Su ne aka sani da Hausawan Glover, kuma daga gare su ne Rundunar Sojan Nijeriya take ƙirga asalinta. Sun je yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. Unguwar Obalende, wadda yau aka fi sanin ta da tashar mota da hayaƙin tsire, a can aka zaunar da sojan Hausa da iyalansu zamanin Turawa. Labarin yana da ɗaci, ba a ɓoye ba: irin wannan runduna ce Turawa suka yi amfani da ita suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Amma da daɗi da ɗaci duk na mai shi ne, kuma ya fi kyau a ji shi daga bakin jikokin mutanen nan.

A Epetedo ma akwai zuriyar Oshodi Tapa, Banufen da ya zama babban jarumin Sarki Kosoko, ya komo Ikko da jama'arsa a 1862. Tapa ɗin nan shi ne sunan da Yarbawa ke kiran Nufawa.

To, yanzu ina matsayin ɗan Arewa cikin waɗannan zagaye-zagaye? Yawanci yana can ƙarshe, bakin tukuba. Ayari ya gaji, a tsaya wajen mai tsire, a ci, a yaba yaji, a ɗauki hotonsa da wuƙa a hannu, a wuce. Ba a tambaye shi daga wane gari ya fito ba, ko wa ya koya masa sana'a, ko ta yaya saniyar da ake ci ta taho daga Maigatari ko Potiskum har mayankar Oko-Oba. Laifin ba na 'yan jagora ba ne su kaɗai. Mutum abin da ya karanta ko ya ji a gida shi yake faɗa, su kuwa Agudawa sun adana hotuna da takardun kakanninsu, suna kuma yin bukin Fanti don kada a manta. Mutanen zango fa? Tarihinsu yana cikin kan tsofaffi, kowace shekara kuwa sai an kai wasu makwanci.

Gine-gine ma ba sa jiran kowa. Ilojo Bar, benen nan na kusa da dandalin Tinubu wanda aka gina wajen 1855, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma duk da haka aka wayi gari a watan Satumba na 2016 an rushe shi. Tsohon Babban Masallacin Ikko na 1913 shi ma an kawar da shi, aka gina na yanzu wanda aka buɗe a 1988. In gini mai takardar gwamnati bai tsira ba, ina ga gidan fatoma a Agege inda fataken goro suka riƙa sauka, ko tsohon masallacin unguwa da babu wanda ya rubuta ranar da aka kafa shi?

Shawara a nan mai sauƙi ce, ba ta kuma bukatar a jira gwamnati. Sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Obalende da sauran unguwanni suna da ikon tara dattawa. Akwai samari da 'yan mata haifaffun Ikko waɗanda ke jin Hausa da Yarbanci da Turanci kamar ruwa, wasunsu sun gama jami'a suna zaune babu aiki. A zaunar da su gaban tsofaffin nan da wayar hannu, su ɗauki magana, su tantance ta da abin da ke cikin littattafai, kada a cika ta da ƙarin gishiri, don baƙon da ya biya kuɗinsa yakan bincika. Daga nan sai a tsara hanya.

Hanyar ma a shirye take. A fara daga Iddo, tashar da 'yan Arewa suka riƙa sauka tun da dogo ya isa Kano a 1911. A shiga tsibiri ta Idumota, a tsaya Shitta-Bey, a bi ta Popo Aguda a ba da labarin Bahiya. A fito Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila daren 1 ga Oktoba 1960. A leƙa gidan kayan tarihi na Onikan, inda aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976. A ƙare a Obalende. Tafiyar rabin yini ce ga mai lafiya. Wata rana kuma a yi na Agege daban, na goro da shanu, haka nan mutanen Sabo a Badun, wadda aka kafa a 1916, su yi nasu.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a mai da talaucin unguwa abin kallo, a riƙa ɗaukar hoton almajirai da mabarata kamar an shiga gidan namun daji. Wanda bai yarda a ɗauke shi ba a ƙyale shi. Kuma duk wanda aka tsaya wurinsa, mai tsire ne ko mai fura ko dattijon da ya ba da labari, a ba shi rabonsa cikin kuɗin, a kuma faɗi sunansa.

Ayarin farko bai kamata ya zama na Turawa ba. 'Yan makarantun Islamiyya na zango su ya kamata a fara kaiwa, tare da malamansu, ran Lahadi bayan an karya kumallo, kyauta. Da yawansu an haife su a Mile 12 ko Mushin, sun girma suna jin ana ce musu su koma garinsu, alhali kuwa ba su taɓa taka titin Martins ba, balle su san abin da za su amsa.